Tsakanin Mumbari da Fada

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, Sarkin da mulkinsa ba ya gushewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu saurarenmu a Geceme da Tibiri da Dogon Dutsi da sauran garuruwan Arewa, Allah ya karɓi azuminmu. Wani saurayi mai koyarwa a makarantar boko ya aiko mana da tambaya. An ce masa albashinsa haram ne, domin gwamnatin da yake yi wa aiki ta raba addini da mulki. Shin ya ajiye aikin? Tambaya ce mai nauyi, domin da wannan albashi iyayensa suke buɗa baki.

Mu fara da sanin abin da aka rubuta. Tsarin mulkin 1960 ya kira Nijar ƙasar "layik". Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, ƙungiyoyin Musulunci suka ƙi wannan kalma, aka cire ta daga kundin 1992. Kundin 2010 ya tabbatar da raba addini da gwamnati, ya hana kafa jam'iyya a kan addini, amma shi ne kuma ya wajabta wa shugaban ƙasa rantsuwa a kan Littafin addininsa. An dakatar da wannan kundi a 2023, sai dai mas'alar tana nan.

To, ku dubi yadda abin yake a aikace. Hukuma ce take shirya tafiyar alhazai, ita take ba da hutun Salla, kuma da bakin malamai take sanar da ganin wata. A 1994, da aka kawo dokar iyali, malamai suka ce ba su yarda ba, aka jingine ta. Ashe abin da ke tsakanin masallaci da fada darni ne mai ƙofa, ana jin maganar juna.

Saboda haka muna ce wa mai tambaya: riƙe aikinka, ɗana. Koyar da yara da jinyar marasa lafiya da haƙa rijiya aiki ne na halal. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya riƙe taskokin Masar a ƙarƙashin sarkin da ba ya bin addininsa, ya ceci jama'a daga yunwa. Abin da zai ɓata albashinka shi ne ƙin zuwa aji da cin haƙƙin yara.

Amma akwai ramuka biyu da muke jiye wa kanmu.

Na farko, fada ta haɗiye malami. Imamu Malik, wanda muke bin mazhabarsa, ya sha bulala a Madina saboda fatawar da ya ƙi janyewa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, haifaffen Maratta a wannan ƙasa tamu, ya ƙi karɓar kyautar Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo a Magami. Maimakon dukiya, ya roƙi a bar shi ya yi wa'azi, a saki 'yan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Da ya karɓi zinariyar, da ba mu san sunansa ba yau. Bakin da ya ci shi ke jin kunya. Limamin da ya karɓi buhun sukari da sharaɗin yabon wani a kan mumbari ya sayar da abin da ba nasa ba.

Na biyu, fushi ya haɗiye jama'a. A watan Janairu na 2015, aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, rayuka suka salwanta. Wanda ya yi ɓatanci yana Faransa, wanda aka ƙona wa wurin ibada maƙwabci ne. A nan Arewa muna da Kiristoci da masu bin gargajiya, kasuwarmu ɗaya, rijiyarmu ɗaya, wasu ma kakanmu ɗaya. Shari'a ta ba maƙwabci haƙƙi ko da addini ya bambanta. Kuma mu tambayi kanmu: in aka danƙa wa ɓangare ɗaya sandar hukuma, wane ɓangare ne? Mu da muke saɓani a kan ganin wata da ƙabalu da sadalu, wa zai yarda ɗan'uwansa ya zo masa da jandarma a kan wannan?

Addini yana shiga mulki ta zuciyar mai mulki. Alƙalin da ya ƙi cin hanci, da magajin garin da ya raba hatsin taimako ba tare da fifita danginsa ba, sun shigar da Musulunci ofis fiye da wanda ya rataya aya a bango yana cin amana. Aikinmu mu malamai shi ne nasiha: mu faɗa wa perefe da sarki gaskiya cikin ladabi, mu yi musu addu'a, mu fita hannunmu wayam.

Allah ya shiryi shugabanninmu, ya tsare harsunan malamanmu, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.