Walki: Suturar da ta Ciyar da Ƙasa

 

A bikin shekara ɗari na sarauta, abin da ido ya fi gani shi ne alkyabba da rawani da dawakai cikin ado. Haka ya dace. Amma akwai wata sutura wadda ba ta taɓa hawa doki ranar salla ba, alhali da gumin masu ita aka cika rumbunan da suka riƙe fada da talakawa. Sunanta walki.

Walki fata ce ta akuya ko ta tunkiya wadda aka jeme, namiji ya ɗaura ta a ƙugu, ya ratsa ta tsakanin ƙafafu, ya soke. A Gobir da Adar da Katsinar Maraɗi walki ake cewa, mutanen Kano kuwa su ce warki. Bambancin iri ɗaya ne da na halshe da harshe, halbi da harbi, galma da garma. Ke nan kalmar da kanta tana faɗin ƙasar mai magana.

Majema ne ke fara aikinsa. Su jiƙa fata cikin ruwan toka har gashi ya saki, su kankare, su tsoma ta cikin ruwan bagaruwa, sannan su shafe ta da mai, su murza har ta yi laushi. Ƙasar nan kuwa ba ta rasa fata mai kyau ba, domin jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙetare saboda ingancin fatarta.

Dalilin ɗaura walki a fili yake. A zamanin da kowace riga sai an kaɗa zare, an saƙa, an ɗinka ƙyalle bisa ƙyalle, tufa dukiya ce, ba a shiga gona da ita. Walki kuwa ƙaya ba ta keta shi, ƙarangiya ba ta kama shi, kuma yakan yi shekaru bai mutu ba. Maƙeri yana ɗaura shi don tartsatsin wuta, mahalbi don sarƙaƙiya, mai ginar rijiya don taɓo. Manomin da ya tara dami dubu har aka naɗa shi sarkin noma, cikin walki ya yi huɗa da maimai.

Walki ya ga baƙar rana ma. A zamanin Nasara, umurni yakan fito daga kwamandan zuwa ga sarki, daga sarki zuwa ga mai gari, a kawo majiya ƙarfi don aikin hanya da ɗaukar kaya. Da yawa daga cikin waɗanda aka kora zuwa aikin tilas ba su da komi a jiki sai walki. Sai a shekarar 1946 dokar da ke ɗauke da sunan Hufuwet Buwanyi ta soke wannan aiki a ƙasashen da Faransa ke mulki.

Abu biyu suka kori walki. Na farko araha: da kuɗin gujiya suka shiga hannun manoma, yadin kanti ya wadata, daga baya gwanjo ya cika kasuwa. Na biyu kunya: aka riƙa kallon mai walki a matsayin baƙauye ko azne, har ɗa ya fara jin nauyin a ce ubansa ya ɗaura shi. Da abu ya bar jiki, sai sunansa ya fara barin baki. Yau idan aka ce wa ɗan lakkwal walki, ba mamaki ya zaci walkiya ake nufi, ya ɗaga kai ya dubi sama.

Filin kokowa ne ya riƙe abin da ya rage. Tun gasar ƙasa ta farko da aka yi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, jama'a ke ganin ƴan kokowa da walki da layu suna neman takobi. Sai dai can ado ne na yini ɗaya, ba kayan aiki ba.

Saboda haka ga roƙo zuwa ga mai martaba. Tsofaffin da suka yi noma da ƙira cikin walki sun yi ƙaranci, kuma kowace shekara raguwa suke. Ya kamata a umurci sarkin maƙera da sarkin noma da shugaban majema su nemo su, a ɗauki muryarsu, a rubuta sunan kowane irin walki da yadda ake ɗaura shi. A samo guda ɗaya na gaske, a ajiye shi a fada kusa da tambura da takubban kakanni, domin yaron da ya zo kallon alkyabba ya ga abin da ya saye ta.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya ba ƙasa damina mai albarka. Amin.