Ɓarawo a Farin Ƙyalle: Finafinan Laifi na Ingila Bayan Yaƙin Duniya na Biyu



Wataƙila wani zai tambaya, me ya haɗa malamin Hausa da finafinan Ingila? Amsar tana cikin tarihin kallo a ƙasarmu. A zamanin mulkin Turawa, kallo iri biyu ne ya shigo mana. Na farko shi ne majigi, wanda hukuma ke yawo da shi a mota gari-gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a koya wa talakawa tsabta da noman auduga da biyan haraji. Shi ne kallon da mutanen karkara suka fi sani, irin manoman rake na Likoro da Hunƙuyi da Maƙarfi. Na biyu shi ne silima ta kuɗi a manyan birane, kamar Rex da aka buɗe a Kano a 1937. Majigi ya nuna mana Bature mai tsari da kamun kai. Amma finafinan da Ingilishi suka shirya wa kansu a gida, wata fuska dabam suka nuna.

Dalili kuwa shi ne, Ingila ta ci yaƙi a 1945, amma ta fito da bashi da rusassun gidaje. Abinci da sutura sai da katin rabo. Burodi ma, wanda ba a ƙayyade shi ba lokacin yaƙi, an ƙayyade shi daga 1946 zuwa 1948, nama kuwa sai 1954 aka sake shi. To, duk inda kaya suka yi wuya, kasuwar bayan fage takan buɗe. Daga nan masu shirya fim suka samo ɓarayinsu.

A Brighton Rock na 1948, wanda aka ɗauko daga littafin Graham Greene, Richard Attenborough ya fito a matsayin Pinkie, yaro ɗan shekara 17, shugaban 'yan daba, wanda ya auri wata yarinya don kawai kada ta ba da shaida a kansa. A The Blue Lamp na 1950, wani matashi ya harbe dattijon ɗan sanda, George Dixon, har manyan ɓarayin Landan suka taimaka aka kama shi, domin ya keta iyakar da su kansu ba sa ƙetarewa. Sapphire na 1959 kuwa ya bi sawun kisan wata ɗaliba mai jinin baƙar fata, ya tone ƙiyayyar launin fata shekara guda bayan tarzomar Notting Hill.

Amma wanda ya fi cancanta mu tsaya a kansa shi ne The Third Man na 1949, wanda Greene ya rubuta, Carol Reed ya shirya. Labarin ya faru ne a Biyana, babban birnin Ostiriya, sa'ad da Amurka da Ingila da Faransa da Rasha suka raba ta a tsakaninsu. Holly Martins ya zo wurin abokinsa na ƙuruciya, Harry Lime, sai aka ce masa ya mutu. Ashe yana raye, ɓuya ya yi. Sana'arsa ita ce sayen fenisilin da aka sato daga asibitocin soja, a tsinka shi da ruwa, a sayar. Yara masu sanƙarau da aka yi wa allurar, waɗansu suka mutu, waɗansu suka haukace. Martins ya yi ta jan ƙafa wajen ba da abokinsa, har sai da wani hafsan Ingila ya kai shi ɗakin yaran nan ya gani da idonsa. Daga ƙarshe shi ya harbe Lime a cikin magudanar ruwa ta ƙarƙashin birni.

Jama'a, wannan labari ba baƙo ba ne gare mu. A 1995, sa'ad da sanƙarau ya ɓarke a Jamhuriyar Nijar, mutane fiye da 50,000 aka yi wa rigakafi na jabu, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta mutum 2,500 sun rasu a sanadinsa. Hikimar fim ɗin ita ce, bai ba mu ɓarawo mai muni ba. Lime mai fara'a ne, mai daɗin baki, ga ado. Irinsa ne ake ba tabarma a wurin biki. Tambayar da aka ajiye wa mai kallo ita ce: in mai laifin abokinka ne, ko ɗan garinku, ina za ka tsaya?

Adabinmu ma ya bi wannan hanya. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya nuna yaron ƙauye da birni ya ruɗa, ya faɗa cikin ɓarayi. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982, ya nuna ta'asar da ta biyo bayan yaƙin basasarmu, sa'ad da makamai suka yawaita a hannun jama'a. Ba na cewa marubutanmu sun kwaikwayi Turawa. Yanayi ɗaya ne ya haifi labari iri ɗaya: yaƙi ya ƙare, kaya sun yi tsada, kuɗi sun fara rinjayar mutunci.

Saboda haka, ku ɗalibai, in kun ɗauki alƙalami, kada ku tsaya ga nuna yadda aka kama ɓarawo. Ku nuna mana wanda ya saye kayan satar, da wanda ya gani ya yi shiru. Ku kuma ma'aikata, da yawanku takardun kwangila da na lasisi ta teburinku suke bi. Lime bai taɓa riƙe allura da hannunsa ba, kuma da ba a sami ma'aikacin da ya buɗe masa ɗakin magani ba, da bai sami abin sayarwa ba.

Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu.