Ed Sullivan da Mawaƙa Baƙaƙen Fata



Ed Sullivan bai iya waƙa ba, bai iya rawa ba, zalaƙar magana ma ba ta ishe shi ba. Duk da haka, daga 1948 zuwa 1971, kowane daren Lahadi Amurkawa kan zauna gaban talabijin, tashar CBS, su ga wanda zai fito musu da shi. Ran da ya kawo Beatles a 1964, kimanin mutum miliyan 73 suka kalla.

Abin lura shi ne, a zamanin da wariyar launin fata ke da ƙarfi a kudancin ƙasar, masu talla na gunaguni, shi kuwa bai fasa gayyato Louis Armstrong da Nat King Cole da Supremes ba. Gidajen da baƙar fata ba ya taka falonsu, ta akwatin nan suka san fuskokin waɗannan mawaƙa.