Abin Da Muka Koyo A Gonakin Maraɗi

Jawabin da ɗalibanmu huɗu suka gabatar a taron matasa a Rara, bayan sun dawo daga aikin koyon sana'a a Jamhuriyar Nijar

Muna gaishe ku da zuwa, musamman waɗanda suka taso daga Wurno da Goronyo da Rabah. Muna kuma gode wa zumuntar mata da suka haɗa mana kuɗin mota. An ce mu ba da labarin makonni takwas da muka yi a jihar Maraɗi a hutun daminar 2025, to ga shi a taƙaice.

Mun bi ta Illela muka tsallaka Birnin Ƙonni, daga nan muka miƙa gabas ta Madawa har Maraɗi. Ƙasar waje ce a takarda, amma Hausa ake yi, tuwon gero ake ci. Lissafin kuɗi ne kawai ya ɗan ba mu wahala, domin su da dala suke ƙirga sefa: in mai shago ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi.

Aikin da aka ba mu shi ne ƙirga itatuwa a gonakin manoma. Mu auna kaurin gindi, mu rubuta sunan itace, mu rubuta sunan mai gona. Wani zai ce wannan ma aiki ne? Bari mu gaya muku dalilinsa.

A shekarar 1983, wani ma'aikacin SIM ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya gaji da dashen itatuwa suna mutuwa. Sai ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ce, itatuwa ne da aka sare tun da daɗewa, amma saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ba sai an sayi iri ba, ba sai an yi ban ruwa ba. Manomi zai zaɓi kututture, ya bar rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi, ya yanke sauran da wuƙa mai kaifi, ya riƙa gyara su kowace shekara. Da farko mutane sun yi dariya, domin a wurinsu gona mai tsabta ita ce wadda babu itace ko ɗaya. Yunwar 1984 ce ta sa da yawa suka gwada. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood.

Iyayenmu, kun san gawo, kun san kalgo da sabara da aduwa da magarya. Su ne dai muka yi ta ƙirgawa. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya hana gero samun rana, kuma ƙasar da ke gindinsa ta fi ƙarfi. Duk waɗannan suna nan a gonakinmu na tudu, muna sassabe su muna ƙonawa kafin shuka.

Game da zaman aiki kuwa, abin da ya fi shiga zuciyarmu shi ne matsayin takardar shaida. Wanda aka haɗa mu da shi ya jagorance mu dattijo ne da bai taɓa shiga aji ba. Yana duban kututture ya gaya maka ko zai tashi ko ba zai tashi ba, kuma ba mu ga ya kuskure ba. Mu muna da biro da littafi, shi yana da shekara talatin a gona. Ofishin da ya karɓe mu ba ya yanke shawara a kan ƙauye sai an ji ta bakin irinsa. Mun ga yadda injiniya yake cire takalmi ya zauna a tabarma ya yi shiru har manomi ya gama magana. 'Yan'uwa ɗalibai, wannan ba a koya mana shi a jami'a ba.

Sai maganar rubutu. Kowace yamma shugabar sashenmu takan karɓi littattafanmu ta duba. In ta ga gurbi babu adadi, ba ta faɗa, sai dai ta ce gobe a koma gonar. Wata gonar tafiyar awa biyu ce a kan babur cikin laka. Ta ce adadin da aka ƙirƙira a ƙarƙashin inuwa ya fi gurbi muni, domin bayan shekara biyar wani zai dogara da shi ya ba manomi shawara. Haka ma kuɗin mai: ko sefa 500 ce ta rage, ana mayarwa a sa hannu. Ba wanda yake ganin wannan a matsayin rowa ko rashin yarda.

Lokaci kuma, ƙarfe bakwai ƙarfe bakwai ce. Motar ba ta jiran kowa.

Ba za mu ɓoye muku ba, aikin akwai gajiya, kuma ba a biya mu albashi ba, abinci da wurin kwana kawai. Akwai kuma abin da ya dame mu tun a hanyar dawowa. Yawancinmu da muke karatu muna jiran aikin ofis a Sakkwato ko Abuja, aikin da ba ya zuwa. A nan gida hankalin kowa yana kan fadama, kan albasa da tafarnuwa da shinkafa, da ruwan dam ɗin Goronyo. Wannan daidai ne. Amma wanda ba shi da fili a fadama fa? Gonar tudu tana mutuwa a hankali, iyayenmu mata kuma kullum ƙara nisa suke yi wajen neman itacen girki.

Saboda haka muna roƙon iyayenmu maza abu guda. A ba mu aron gonaki biyar kafin sassaben bana, mu zo mu zaɓi kututturan tare da masu gonakin, mu sa musu alama, mu rubuta. Dole a yi magana da makiyaya da masu saran itace tun farko, kuma a sanar da mai gari, domin a Maraɗi ma inda maƙwabta ba su yarda ba, dare ɗaya ake sare aikin shekara uku. Wanda yake so ya ba da gonarsa, ya same mu a bakin ƙofa bayan an tashi, littafin yana hannunmu.