Jikinmu Shi Ne Jarinmu: Jawabin Kwamiti a Bikin Cikar Ƙungiyarmu Shekara Goma

 

Iyayenmu masu sarauta, malamanmu, iyayenmu mata, mazajenmu da suka ajiye ayyukansu suka zo, da 'yan'uwa membobi daga Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, sannunku da zuwa, sannunku da hanya. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Riruwai da suka ratso dajin Falgore tun da asuba. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Ma'aji ta karanta mana lissafin shekara, kuma alhamdu lillahi, abin da muka fara da zubin adashi yau ya zama jari. To mu a kwamiti an ɗora mana magana ne a kan wani jarin da ba ya shiga littafin ma'aji. Wannan jari kuwa shi ne jikinmu: baya, wuya, kafaɗa, wuyan hannu, gwiwa da diddige.

Mu duba sana'o'inmu. Masu turara shinkafa a Tudun Wada suna ɗora tukunya su sauke, su shanya, su kwashe. Masu ƙuli-ƙuli suna tuƙa gyaɗa su matsa har mai ya fito. Masu bandar kifi a Tiga suna yini a sunkuye. Masu kai hatsi kasuwar Kwanar Dangora suna ciccibar buhu. Ga masu keken ɗinki, ga surfe, ga jan guga, ga tuƙin tuwo, ga goyo a kan duk wannan. A shekara goman nan mun ga 'yan'uwa da suka daina zubi, ba don kasuwa ta ƙi ba, sai don hannu ya ƙi ɗaguwa. Wata a cikinmu, ba sai mun kama suna ba, ta yi wata da watanni tana sayen ƙwaya a kemis saboda ciwon kafaɗa, har kuɗin maganin ya cinye ribarta, ƙarshe gyambon ciki ya kwantar da ita, kafaɗar kuma tana nan yadda take. Wannan ne ya sa muka je muka nemi sani wajen likitocin fisiyo, waɗanda muke kira masu gashin ƙashi. Abin da muka samo shi muka kawo muku.

Da farko, ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum biliyan 1.71 ne ke fama da ciwukan ƙashi da tsoka da gaɓoɓi, kuma mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon baya a shekarar 2020. Ciwon baya shi ne kan gaba a duniya wajen hana mutane aikinsu. Don haka idan 'yar'uwa ta ce bayanta ya riƙe, ba ragwanci ba ne, ba raki ba ne.

Na biyu, mu fahimci abin da ke ciwon. Mu Hausawa komai jijiya muke ce masa: mai ɗaukar jini jijiya, mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa jijiya. Wadda muke nufi yau ita ce farar igiyar nan mai tauri da ke ɗaure tsoka a jikin ƙashi. Duk wadda ta taɓa gyaran ƙafar saniya ta san ta, ita ce wadda wuƙa ke zamewa a kanta. Ku shafa bayan diddigenku, za ku ji babbarsu, wato agara. Tsoka kuwa jini ya wadace ta, shi ya sa in ta gaji take saurin farfaɗowa. Ita kuwa wannan igiya jininta kaɗan ne, warkewarta sai a hankali. Idan aka yi ta maimaita motsi iri ɗaya, yau da gobe, ba a ba ta sarari ta gyara kanta ba, sai zarenta ya fara yamutsewa kamar igiyar guga da ta sha bakin rijiya. Daga nan ciwo ya fara: a gefen gwiwar hannu ga mai matsar mai, a kafaɗa ga mai daka, a diddige ga mai yinin tsaye.

Masu jego, akwai naku. Ciwon nan na gindin babban yatsa da ke tashi idan za a ɗauki jariri ko a matse wanki, wani likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna de Quervain ya yi bayaninsa tun 1895. Yana zuwa ne daga ɗaga yaro da buɗaɗɗen yatsa ta ƙarƙashin hammatarsa sau ba adadi a yini. A tallafo shi da tafin hannu da damtse, a huta da matsar manyan zannuwa na ɗan lokaci. Kaka da ƙanne, nan ne taimakonku yake.

To mene ne maganin? A nan ne binciken masana ya ba mu mamaki. Mu abin da muka sani biyu ne: ko dai a daure a ci gaba har jiki ya faɗi, ko a kwanta a daina komai. Ashe duk biyun ba su ne ba. A 1998 wani likita a ƙasar Suwidin mai suna Alfredson ya ɗauki mutum 15 masu daɗaɗɗen ciwon agara, ya sa su wani atisaye: su tsaya a bakin matakala a kan yatsun ƙafa, su riƙa sauke diddige ƙasa a hankali, safe da yamma, har mako 12. Dukkansu suka koma gudunsu kamar da. Daga wannan lokaci an yi ta bincike a kan kafaɗa da gwiwa da gwiwar hannu, kuma darasin bai canja ba: wannan igiya da aiki take warkewa, amma aiki na awo, wanda ake farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa sannu a hankali. In an kwantar da ita gaba ɗaya, rauni take ƙarawa. In an danne ta da nauyi lokaci guda, ta ƙara lalacewa.

Ku lura da mako 12 ɗin nan, wata uku ke nan fa. Mu da muke shan magani kwana uku mu ce bai yi ba, sai mun koyi haƙuri. Sannu sannu ba ta hana zuwa. Ma'aunin da likitocin fisiyo ke bayarwa mai sauƙi ne: ɗan ciwon da za a iya jurewa lokacin atisaye ba laifi, muddin ya lafa kafin wayewar gari. In kin tashi da safe ya fi na jiya, kin zarce, sai ki rage, ba wai ki daina ba.

Haka maganar take ga baya. Kwanciyar kwana da kwanaki ba ta warkar da ciwon baya, sai ma ta sa shi sagewa. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin kula da daɗaɗɗen ciwon baya. Ta goyi bayan wayar da kai da atisaye da tausa, ta kuma ce kada a dogara da ɗaura bel a ƙugu ko ƙwayoyi masu sa maye dangin Tramadol.

Yanzu mu zo kan allura da ƙwaya, domin nan ne kuɗinmu ke zurarewa. Akwai allurar da ake yi a wurin ciwo, kwana biyu mutum ya ji garau. Masana a ƙasar Ostireliya sun bi masu ciwon gefen gwiwar hannu har shekara guda, suka buga sakamakon a 2013: waɗanda aka yi wa irin wannan allura sun sami sauƙi da wuri, amma ciwon ya fi dawo musu, kuma bayan shekara sun fi ƙarancin warkewa a kan waɗanda ba a yi musu ita ba. Ƙwayoyin kashe ciwo irin Diclofenac da Ibuprofen suna da ranarsu, amma shan su kullum yana cin ciki yana taɓa ƙoda, kuma mai juna biyu ba ta sha sai da izinin likita. Sai kuma Cipro da muke saye da kanmu duk lokacin da muka ce taifot ne. Tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta sa a rubuta babban gargaɗi a kan dangin wannan magani, cewa yana iya kumbura wannan igiya har ya tsinka ta, musamman ga wanda ya haura shekara 60. Don Allah, 'yan'uwa, mu bar rubuta wa kanmu magani.

Sai kayan kai. A 1986 masana sun auna matan Luo da Kikuyu a Kenya, suka ga mace tana iya ɗaukar kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinta ba tare da ta ƙara kashe ƙarfi ba. Wato mai kilo 60 kilo 12 ne nata. To jarka mai lita 25 kilo 25 ce, ta ninka wancan har da ɗori. Kuma su ƙarfin da ake kashewa suka auna, ba abin da wuya ke sha ba. Mu iyaye mu tsaya a nan. Wani bincike da aka yi a ƙasar Denmak aka buga a 2013 ya nuna cewa tsakiyar agara ana gina ta ne lokacin girma, zuwa wajen shekara 17, bayan nan ba ta cika sabuntuwa ba. Abin da muka ɗauka daga wannan shi ne, jikin da yarinya za ta yi aure da shi, ta haihu da shi, ta tsufa da shi, yanzu ake gina shi a gabanmu. Aikin gida tarbiyya ne, babu mai musun wannan. Amma 'yar shekara goma da jarkar babba a ka, ko farantin talla tun safe har la'asar, bashi ne muke ci mata wanda ita za ta biya. A rage mata kayan, a ciyar da ita da kyau.

Akwai kuma ciwon da ba a yi masa atisaye ko jira. Ciwon baya tare da zazzaɓi da rama da gumin dare, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya. Ƙafafu su mutu, ko fitsari da bayan gida su riƙa kufcewa. Gaɓa ta kumbura ta yi zafi rau. A ji ƙas a diddige kamar an jefe ki da dutse, ki kasa ɗagawa a kan yatsu. A faɗi hannu ya ƙi ɗaguwa. Mai sikila ya fara ɗingishi da ciwon ƙugu. Waɗannan asibiti ne a ranar, ba man zafi ba, ba ƙaho ba. Muna girmama maɗoranmu, sun daɗe suna taimakon jama'a, amma a fara ɗaukar hoto a san abin da ke ciki. In kuwa an yi ɗauri yatsu suka kumbura ko suka yi sanyi ko suka canja launi, a kwance nan take a nufi asibiti.

Ina ake samun likitocin fisiyo? Aikin ya shigo Nijeriya tun 1945 ta asibitin ƙashi na Igbobi a Legas. A nan Kano muna da Asibitin Ƙashi na Dala da aka buɗe a 1959, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma Jami'ar Bayero tana koyar da fannin. A fara da asibiti mafi kusa, a nemi takardar turawa. Kuma masu 'ya'ya mata a sakandare, ga karatu nan mai amfani, domin da yawa cikinmu mun fi sakewa idan mace ce za ta duba mu.

Mun san daga Doguwa zuwa Dala tafiya ce mai cin kuɗi. Shi ya sa kwamiti ya kawo shawarwari huɗu da za mu yi wa ƙuri'a a taron wata mai zuwa. Na ɗaya, a ware wani ɗan kaso daga ribar shekara ya zama kuɗin mota ga duk membar da aka tura asibiti a Kano. Na biyu, kowane rukuni ya sayi kura ko baro don ruwa da buhu, a kuma gina dakali daidai ƙugu a wuraren aikinmu, a rage sunkuyo. Na uku, mu riƙa karɓa-karɓa: mai tuƙi ta koma tsinta, mai tsinta ta karɓi muciya, tukunya da buhu kuma mutum biyu, a matso da kaya jikin ciki kafin a ɗaga, ba a murɗa ƙugu da kaya a hannu. Na huɗu, mu gayyato likitar fisiyo ta zo ta duba mu, ta koya wa kowa atisayen da ya dace da ciwonta, domin na kafaɗa daban, na diddige daban.

Mazajenmu, ga roƙonmu. Idan uwargida ta ce hannunta ya ƙi, a saurare ta tun ciwon yana ƙarami. Kuɗin mota na yau ya fi arha a kan shekara guda tana kwance. Samarin gida kuma, jan ruwa da faskare ba su rage wa namiji komai.

Mu kuma mata, an san mu da kunya da dauriya, kuma ado ne. Amma ɓoye ciwo har ya nakasa mu ba ya cikin kunya. Jiki magayi ne, in ya yi magana mu ji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, da haka muka tara wannan jari, da haka kuma za mu tsare jikin da ya tara shi.

Allah ya jiƙan membobinmu da suka riga mu gidan gaskiya. Marasa lafiya na gida da na asibiti Allah ya tashi kafaɗunsu. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu da zuri'armu, ya nuna mana shekara ashirin da ƙafafunmu.