Masu Baƙin Mai a Hannu

A Riyad akwai Jami'ar Sarki Sa'ud, wadda aka kafa a 1957. Kwalejinta ta injiniya ta soma a 1962 da haɗin gwiwar UNESCO. Farfesoshi kam ana ambatonsu, amma ni hankalina yau yana kan ma'aikatan ɗakunan gwaji. Su ke saita injin da ke matse kankare har ya tsage, don ɗalibi ya ga ƙarfinsa da idonsa. Su ke tsayawa kan yaro yana walda, su gyara masa riƙo, su tabbatar ya sa gilashin kare ido. Da wuya ka ji sunansu ranar yaye ɗalibai, abin kuwa yana damuna. A Samaru ma, Jami'ar Ahmadu Bello tana da irinsu.