Wa Zai Zauna a Teburin Taron Gubar Dalma?

Shugaban reshe, 'yan'uwa malamai na Gusau da Tsafe da Bunguɗu,

Kun ɗora mana shirya taron ƙara wa juna sani kan haƙar zinare da gubar dalma. Ga matsayar da muka cimma.

Akwai abin da ba za mu buɗe wa muhawara ba. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum, sanadiyyar ƙurar duwatsun da ake niƙawa a tsakar gida. Gwajin jini ya tabbatar da haka. Gubar kuma tana dakushe ƙwaƙwalwar yaron da ya tsira, abin da ya shafe mu kai tsaye a aji. Wanda ya ce aikin iskoki ne, za mu saurare shi cikin mutunci daga cikin mahalarta, amma ba zai zauna kusa da likita ba.

Inda masu hankali suka saɓa shi ne: a hana haƙar, ko a gyara yadda ake yin ta? Gwamnatin Tarayya ta hana a 2019 saboda matsalar tsaro, ta ɗage a ƙarshen 2024. A nan kowa na da hujja. Don haka mahaƙi zai zauna teburi ɗaya da likita da jami'in gwamnati, kowa minti 15, kuma da Hausa, kada Turanci ya rufe wa mai gatari baki. Iyaye mata, waɗanda a tsakar gidansu aka yi niƙan, za su yi magana kafin azahar, tun zauren na cike.

Reshen Tsafe, sunan wakilinku kaɗai muke jira, zuwa Alhamis in Allah ya yarda.